Hoto a lokacin hazo: wane gilashin tacewa ya kamata mai kyamara ya saya?

Kowace shekara idan hunturu ya kama, daga watan Nuwamba har zuwa Maris, kukan masu ɗaukar hoto iri ɗaya ne: hoto ya fito fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, launin tufafi ya dushe, abin da ke nesa ya ɓace. Kuma lokacin ne aiki ya fi yawa. An gama girbi, ana bukukuwan aure, ga bikin 18 ga Disamba, ga kokowar takobin ƙasa da aka fara tun 1975 a Tawa. Mai hoto ya karɓi kuɗin mutane, su kuwa ƴan uwa da ke Abijan ko Kwatano ko Faransa suna jiran hotunan a WhatsApp.

Daga nan sai wani ya ce ai akwai gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara yana yanke hazo, sai a aika wa ɗan uwa a waje ya sayo. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuɗi su tafi a banza. Shi ya sa muka tattaro wannan bayani. Gaskiyar magana tun farko ita ce: babu gilashin da ke share ƙurar hunturu daga hoto. Amma akwai wanda ke kare kyamara, akwai wanda ke rage wani nau'in hazo, akwai kuma wanda ke ƙara lalata aikin. Sanin bambancinsu shi ne riba.

Mene ne filta?

Gilashi ne zagayayye mai zoben ƙarfe, ana murɗa shi a gaban idon kyamara, wato abin da masu hoto na nan gida ke kira obzektif. Aikinsa kamar na rariya ne: ya bar wani haske ya wuce, ya tare wani. Filta ba ya ƙara haske, ragewa kawai yake yi. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa ba za a yaudare shi a kasuwa ba.

Hazo ba iri ɗaya ba ne

Kalma ɗaya muke amfani da ita, amma abubuwa uku ne.

Na farko hazon hunturu. Wannan ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara. Kaso mai yawa nata yana tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda a da can ruwan babban tafki ya kwanta ya bushe, iska kuma tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta ɗebo garin ƙasar. Ita ce ke rufe Damagaram da Maraɗi da Tawa, har wani lokaci jiragen sama su kasa sauka. Ƙwayoyinta manya ne idan aka gwada da tsawon igiyar haske, don haka suna watsa kusan dukan launuka gaba ɗaya. Shi ya sa sama ke zama fara ko ruwan ƙasa.

Na biyu hazo mai shuɗi-shuɗi, wanda ake gani a kan duwatsu masu nisa ko da iska ta yi tsabta, kamar idan mutum ya hango duwatsun Ayar daga nesa. Hayaƙin ƙona daji da na itacen girki da na motoci a Yamai da yamma, idan bai yi kauri ba, yana kusa da wannan. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sun fi watsa shuɗin haske, suna barin ja ya wuce. Wannan shi ne hazon da filta ke iya yi wa wani abu.

Na uku hazon ruwa, wanda ke kwanciya da asuba a bakin kogin Kwara ko cikin fadama bayan ruwan sama, kuma wanda ƴan uwanmu na Turai ke fama da shi lokacin sanyi. Ɗigon ruwa ne ƙanana ke yawo a iska. Shi ma kamar ƙura yake, yana watsa kowane launi, filta ba ya huda shi.

A dukan ukun, abin da ke ɓata hoto shi ne iskar da ke tsakanin kyamara da abin da ake ɗauka. Hasken rana yana bugun ƙura ya watsu ya shiga kyamara, ya zama kamar farin mayafi a kan hoton. Gwargwadon nisa, gwargwadon kaurin mayafin.

Gilashin kariya, mai alamar UV

Wannan shi ne wanda aka fi sayarwa, kuma shi aka fi yi wa ƙarya. A zamanin fim, wato lokacin da ake kai hoto wanki, fim yana jin wani haske da ido ba ya gani, sai hoton wuri mai nisa ya fito da shuɗin hazo. Gilashin UV yana tare wannan haske, shi ya sa a jikin wasu har yau za ka ga an rubuta Haze ko Skylight. Amma kyamarorin zamani suna da nasu matacin a ciki, a gaban farantin da ke karɓar haske. Saboda haka idan ka ɗaura UV a kyamarar yau, hazo ba zai ragu ba.

To me ya sa muke cewa a saya? Don kariya. Ƙurar hunturu tana tafe da rairayi, rairayi kuwa ya fi gilashi tauri. Mai hoton da ya wuni a filin kokowa ko a hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, inda dawaki ke tayar da ƙasa, zai goge gilashinsa sau da yawa a yini. Gara filta ya sha karce da a ce idon kyamara ne, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Rigakafi ya fi magani.

Sai dai a lura, araha ba ta ado. Gilashin da ba a shafa masa maganin hana ƙyalli ba yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa, kuma wannan haske yana kai da komowa tsakanin gilasai ya ƙara wa hoto fari. Ka ga an gudu ba a tsira ba: hazo a waje, hazo a bakin kyamara. A nemi mai alamar MC ko HMC ko MRC. Yadda za a gane a kasuwa: ka karkata shi ga fitila. Idan hasken fitilar ya dawo fari tas kamar a madubi, ba shi da shafi. Idan ya dawo a dushe, kore-kore ko ruwan hoda, yana da shi.

Gilashi mai juyawa, mai alamar CPL

Idan kuɗin mutum na filta ɗaya ne bayan na kariya, wannan ne. Da Faransanci ana rubuta polarisant circulaire a kwalinsa. Launinsa toka-toka ne, kuma yana da zobe biyu: ɗaya ya kama kyamara, ɗaya kana juya shi da yatsa kana kallon yadda hoton ke canzawa.

Hasken da ya watsu a iska mai tsabta, da wanda ya yi ƙyalli a kan ruwa ko ganye ko gilashin mota, yana zuwa ne a jere ta fuska ɗaya. CPL yana tare wannan jerin. Sakamakon haka sama ta ƙara shuɗi, ganyen lambu ya ƙara kore, duwatsu masu nisa su ɗan fito. A hazo mai shuɗi-shuɗi aikinsa a bayyane yake. A ranar da ƙura ba ta yi yawa ba yana taimakawa kaɗan. Ranar da hunturu ya rufe gari har ana iya kallon rana kamar faifai, kusan ba ya taɓa saman, sai dai ya rage ƙyallin abubuwan da ke kusa.

Ga ƙa'idojinsa:

Ya fi aiki idan rana tana gefenka, dama ko hagu. Idan tana gabanka ko bayanka, ƙarfinsa kaɗan ne. Dabara mai sauƙi: ka nuna rana da ɗan ali, ka miƙe babban yatsa. Duk inda babban yatsan zai iya nunawa idan ka juya hannu, nan ne filta zai fi tasiri.

Yana cinye haske, daga rabi zuwa kashi uku cikin huɗu. Da rana tsaka ba matsala. Da magariba ko cikin ɗaki a cire shi, in ba haka ba hoto zai girgiza.

Idan ana ɗaukar fili mai faɗi sosai, wani gefen sama zai yi duhu wani ya yi haske. A rage juyin.

Ba kowane ƙyalli ne abin gudu ba. Wanda ya sayi shadda mai tsada ya kai aka buga ta, ƙyallin nan yake so a gani. Haka gumin ɗan kokowa yana cikin kyawun hoton. CPL yana iya rage su duka. A hoton amarya da ƙawayenta, a juya zoben a hankali, a tsaya inda fuska ta daina maiƙo amma tufafi bai mutu ba.

A tabbatar da harafin C. Akwai tsohon samfuri mai alamar PL kawai, wanda ke rikita awon haske da saitin kai-tsaye a kyamarori masu madubi a ciki.

Gwajin na gaskiya: ka riƙe shi a gaban allon kwamfuta ko talabijin mai shafaffen allo, gefen da ake murɗawa yana kallonka, ka juya. Allon zai yi duhu har ya kusa baƙi, sannan ya dawo. Idan bai canza ba, baƙin gilashi ne kawai aka sayar maka.

Gilashin rage haske, mai alamar ND

Wannan kamar baƙin tabarau ne. Lambar da ke jikinsa tana faɗin yawan ragin: ND2 yana barin rabin haske, ND4 kashi ɗaya cikin huɗu, ND8 ɗaya cikin takwas. Ba ya taɓa hazo ko kaɗan. Masu bidiyon biki ne ke buƙatarsa, domin su kan ɗauki hoto 25 a daƙiƙa tare da saurin ƙyaftawa na 1/50, kuma a ranar ƙasarmu haske ya yi yawa ga wannan saiti. Mai hoto tsayayye yana iya haƙura da shi.

Akwai ɗan uwansa mai rabi duhu rabi haske. Amfaninsa shi ne idan sama ta yi fari fat, ƙasa kuma tana da duhu: a sa rabin duhun a kan sama don kada ta ƙone. Ya dace da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, gona ko tudun rairayi, inda sama da ƙasa suka rabu a miƙe. Amma idan akwai hasumiya ko doguwar bishiya ko kan mutum a tsakiya, saman abin zai yi baƙi.

Gilasai masu launi: rawaya, ruwan lemo, ja

Waɗannan na hoton baƙi da fari ne. Tunda hazon nesa shuɗi ne, gilashin da ke tare shuɗi yana rage shi. Rawaya yana yi kaɗan, ruwan lemo ya fi shi, ja mai lamba 25 ya fi duka, amma yana barin kusan kashi ɗaya cikin takwas na haske kawai. Idan aka sa su a hoto mai launi, duk hoton zai rine. Kuma yawancin kyamarorin Canon da Nikon suna da wannan zaɓi a cikin saitin baƙi da fari, ba sai an saya ba.

Akwai kuma R72, gilashi mai duhu ƙirin da ke barin haske na bayan ja kawai, wanda ido ba ya gani. Yana ratsa hazon nesa da hayaƙi fiye da sauran, amma ganye yana fitowa fari, fuskar mutum ta canza, kuma sai an kafa kyamara a kan ƙafa uku. Na masu sha'awa ne, ba na mai neman abinci a gidan biki ba.

Wanda bai kamata a sayo ba

Nan muke jan hankalin ƴan uwa na ƙetare. Idan ka shiga intanet ka rubuta kalmar hazo kana neman filta, za a nuna maka wasu masu suna Mist ko Fog ko Soft ko Diffusion. Waɗannan ba sa cire hazo, ƙirƙirarsa suke yi. An yi su ne don masu fim da ke son hoto ya yi laushi kamar mafarki. Aika wa mai hoton Tasawa ko Madawa irin wannan a watan Janairu daidai yake da kai wa mai rijiya ruwa.

Girman baki: lambar da za a aika

Filta mai kyau da bai shiga bakin kyamara ba asara ne. A duba gaban idon kyamara ko cikin murfinsa, akwai ƙaramin da'ira da aka ja wa layi, kamar haka ⌀, lamba na biye: 49, 52, 55, 58, 67, 72 ko 77. Wannan ce faɗin bakin da milimita. Kada a rikita ta da lambar 18-55mm, wadda ke nufin nisan jawowa. Misali, 18-55 na Canon da aka saba gani a hannun masu hotonmu bakinsa 58 ne, na Nikon kuwa 52 ne ko 55, ya danganta da samfurin. Hanya mafi sauƙi: a ɗauki hoton lambar da waya a tura wa mai sayowa.

Wanda ke da ido biyu ko uku masu baki daban-daban, ya sayi CPL ɗaya daidai da mafi girma, ya haɗa da zoben ƙari masu araha da ke haɗa ƙaramin baki da babban filta. Cikin kamfanonin da aka sani a wannan sana'a akwai Hoya, B+W, Marumi, Tiffen da K&F Concept. Ana yin jabun manyan sunaye, don haka gwajin fitila da na allo da muka faɗa suna nan daram ko wane suna ne a kwali.

Abin da ya fi filta aiki, kuma kyauta ne

Matso kusa. Wannan shi ne babban magani. Mutumin da ke taku uku daga gare ka zai fito sarai ko da gari ya rufe. Idan ka tsaya nesa ka jawo shi, ka jawo duk ƙurar da ke tsakaninku.

Ba rana baya ko gefe. Ƙura da hazon ruwa sun fi watsa haske gaba, don haka idan kana fuskantar rana mayafin yana ninkuwa.

Sa hular baki, wato baƙar robar da ke zagaye idon kyamara. Tana hana hasken gefe bugun gilashi. Idan babu, a yi inuwa da tafin hannu ko faifai.

Ƙara haske kaɗan. Kyamara tana ganin farin hazo ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskoki su yi duhu. A maɓallin mai alamar +/- a ƙara zuwa +0.7 ko +1, a duba sakamako.

Gyara launin fari. Ƙura tana rina hoto ruwan ƙasa. A saita da farar takarda kafin a fara aiki.

Nemi abu mai duhu ko launi mai ƙarfi a gaba: jan mayafi, baƙar ƙofa, kututturen bishiya, bangon ƙasa. Idan gaban hoto yana da ƙarfi, dushewar baya sai ta zama ado.

Ɗauka da RAW idan kyamara tana yi. Manhajar Lightroom tana da majanyi mai suna Dehaze tun 2015, kuma a kan hazon ƙura ya fi kowane gilashi tasiri. Amma a ja shi da sauƙi. Idan aka matsa, fata tana yin datti, sama ta yi tabo.

Kuma hazo ba abokin gaba ba ne kullum. Ranar hunturu haske yana laushi, babu baƙar inuwa a ƙarƙashin ido ko hula, mutane ba sa runtse ido. Hoton fuska na kusa a irin wannan rana ya fi na tsakar ranar bazara kyau nesa ba kusa ba. Abu ɗaya dai: ko rana ta dushe, kada a kalle ta ta cikin madubin kyamara, ido yana iya cutuwa.

Masu waya fa?

Yawancin hotunan da ke fita daga ƙauyukanmu da waya ake ɗauka. Da farko a goge gilashin bayan waya da ƙyalle mai laushi. Sau da yawa hazon da ake gani maiƙon yatsa ne. Kada a buɗa yatsu a jawo abu, a taka a matsa. A taɓa fuskar mutumin a allo, sannan a ja alamar rana sama ko ƙasa. Akwai ƙaramin CPL mai maƙali da ake sa wa waya, ƙa'idarsa ɗaya da na babbar kyamara. Wajen turawa kuma, WhatsApp yana matse hoto. Idan hoton na ajiya ne, a tura shi a matsayin takarda ko a zaɓi HD.

Kula da gilashi lokacin ƙura

A fara da hura iska da ƴar robar hurawa, sannan buroshi mai laushi, sai daga ƙarshe ƙyallen tabarau. Goge busasshiyar ƙura da bakin riga ko rawani daidai yake da gurza gilashi da rairayi. Kada a canza idon kyamara a fili ana iska, a shiga ɗaki ko mota, a sunkuyar da bakin ƙasa. Kada a jera filta biyu ko uku a kan juna, a cire UV kafin a sa CPL. Kada a murɗa da ƙarfi, domin ƙura tana shiga zaren ta maƙale. Idan ya maƙale, a naɗa masa robar ɗaure kuɗi a juya a hankali. Bayan aiki, kyamara ta koma jaka a rufe. Wanda ya fito daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa waje da damina ya ɗan jira, gilashi zai yi gumi, ya bar shi ya bushe da kansa. Shi ma mai hoto ya rufe hanci da baki, ƙirji ba shi da filta na canji.

A taƙaice, ga mai saye

Mai hoton biki da suna: UV mai shafi, da hular baki, sannan CPL idan hali ya yi. Mai ɗaukar gonaki da lambuna da bakin kogi: CPL da farko. Mai bidiyo: ND tare da UV. Mai waya: ƙyalle mai tsabta da ƙafafunsa. Ɗan uwa mai aikowa daga waje: ka nemi lambar baki kafin ka biya, ka kauce wa duk mai suna Mist ko Fog.

Masu sana'ar hoto da ke da wata dabara da suka gwada a yankinsu, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, a kawo mu isar ga sauran jama'a. Allah ya ba da kasuwa, ya raba mu da sharrin ƙura.